Wutsiyar Kamba Ranar Sallah

Faki ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana nutso a tekun Pemba yana kamo kamba, wannan ƙaton jatan landen mai sulke, amma bai taɓa sa namansa a baki ba. Duk ƙauyen haka suke: daga kwalekwale sai cikin ƙanƙarar dillali, sai otal. Wata rana ya yi nutso mai zurfi, ya taso da gaggawa, ƙafafunsa suka mutu. Yanzu ciwon ya hau ƙirji, asibiti sun ce a mayar da shi gida a riƙa ba shi abin da ransa ke so.

Ana saura kwana kaɗan a gama azumi ya ce da matarsa Mwatima, "Maman Riziki, ranar Sallah ina so in ɗanɗana abin nan. Sau ɗaya dai, in san a kan me na nakasa."

Mwatima ta bi masu nutso tana roƙo har kunya ta bar ta. Da safiyar Sallah ƙanin Faki ya shigo da wutsiyar kamba biyu naɗe a ganyen ayaba.

"Ungo, kada dillali ya ji. Su ke nan, babu wasu."

Ba ta tambayi kowa yadda ake dafawa ba, kuma wa za ta tambaya? Ita ce fa gwanar pweza, wannan naman tekun mai hannu takwas da sai an jibge shi, an bar shi a wuta ya daɗe, sannan yake laushi. A saninta duk naman teku haka ake ladabtar da shi. Ta fasa ɓawon, ta tatsi madarar kwakwa, ta jefa su a tukunya ta rufe.

Da ta taɓa ta ji tauri, sai ta ƙara gawayi. Ta sake taɓawa, sun ƙara tauri, sun ƙanƙance. Ta hau fifita tana ta salati.

Maƙwabciyarta Siti, mai wanke-wanke a otal, ta shigo da alawar Sallah, ta leƙa tukunyar.

"Innalillahi! Yaya, tun yaushe yake kan wuta?"

"Tun da aka tafi idi."

"Wayyo, kin kashe shi! An ce miki pweza ne? Wannan da ya yi fari ake saukewa!"

"To yanzu ya zan yi? Siti, don Allah ya zan yi?"

Mwatima ta zari mayafi ta ruga bakin teku ko takalmi babu. Kwalekwale duk an jawo su tudu an kife. Ba mai shiga ruwa sai an gama bikin Sallah, bayan nan kuma iskar da ke hana nutso za ta taso. Ta tsaya tana kuka a gaban yara masu sababbin kaya, sannan ta juyo gida.

Ta yayyanka naman ƙanana, ta ɗora kan shinkafa, ta tallafo kan mijinta. Faki ya yi bisimilla. Ya yi ta tauna har gumi ya keto masa, abin ya ƙi haɗiyuwa. Ya tofar a tafin hannunsa yana kallo, hawaye na gangarowa cikin gemunsa.

"Wannan robar ce? A kan wannan na bar ƙafafuna a teku?"

Da ta yi shiru da asirinta ya rufu. Amma ta kasa barinsa da wannan baƙin cikin.

"Ba haka yake ba, Baban Riziki. Ni na ɓata. Siti ta ce yana da daɗi, laushi gare shi, har da ɗan zaƙi."

Ya daɗe yana kallonta, numfashinsa na fita da ƙyar.

"Har da zaƙi?"

"Haka ta ce."

Ya lumshe ido, ya laluba ya riƙo hannunta.

"To bar kukan. Sallah mai zuwa sai ki sauke da wuri."