Jar Kibiyar Dutse na Arba'in da Ɗaya

Wata uku na yi ina hawa da gangara a wani tsibiri mai aman wuta, ina zana taswirar wuraren da ƙasa ta tsage. Duk dutsen da na fasa sai na zana masa jar kibiya mai nuna arewa kafin in ɗaga shi. In babu kibiyar, bai fi dutsen bakin hanya ba. Na arba'in da ɗaya shi ne zai nuna ko gefen tsibirin ya juya bayan aman ƙarshe, kuma a kansa digirina ya rataya.

Ina dawowa Manchester na tarar an rufe ɗakin ajiyar sashenmu, wai ana tsuke bakin aljihu. Malamata Dakta Catherine ta ce in lallaɓa abin da na samo, don babu maganar komawa tsibirin. Ɗakina na unguwar Longsight kuwa, ko sallaya da ƙyar take shimfiɗuwa. Sai na kai akwatin duwatsun unguwar Small Heath, gidan Gwaggo Batulu, ƙanwar babana.

Bayan wata biyar aka ba ni ranar gwajin duwatsun. Na je, na zazzage akwatin kaf, babu na arba'in da ɗaya.

"Gwaggo, ina mai faɗin nan?"

"Au, sumul ɗin? Yana wajen Hajiya Raki, maƙwabciyata. Tun da hukumar council suka rage mata carer mai zuwa kula da ita, ba mai kawo mata ruwan alwala, shi ne na ba ta na taimama. Haba Zinatu, duwatsu sittin gare ki!"

Haushi ya turnuƙe ni. Gwaggo ce, ba dama in ɗaga murya. Na figi mayafi na fita.

Na sami tsohuwar kwance, dutsen kusa da matashinta. Muka gaisa, na ɗauka, na juya shi gaba da baya, na kai shi bakin taga. Ko ɗigon ja babu. Tafin hannunta ya share kibiyar tas, sau biyar kullum har wata biyar.

"Ke ce mai dutsen?" in ji ta. "Sannu 'yar nan. Ban taɓa sallah ban roƙa miki sa'ar karatunki ba."

Na mayar mata da shi inda hannunta zai kai. Na ce amin da ƙarfi, don addu'ar tata ce kawai ta rage mini.