Magi a Alkakin Iya

Shekara arba'in Iya tana yin kayan gara a unguwarmu Kusfa, cikin birni. Alkaki, nakiya, dubulan. In aka buɗe garar amarya a gaban dangin ango, tsofaffi kan gutsiri alkaki su ce, "Wannan hannun Kulu ne," shi ke nan bakin kowa ya mutu. Wannan sunan kaɗai ta mallaka a duniya, kuma shi ƙanwata Radiya ta ɗauka ta yi wasa da shi.

Radiya ta yi wani kwas na wata uku a kan tallan intanet, ta dawo kanta na hayaƙi. Ta buɗe wa Iya shafi, ta riƙa ɗaukar hannuwanta a bidiyo, don Iya ta ce fuskarta ba ta shiga waya. Kullum tana zaune bakin rijiya tana ƙirga masu kallo tana tsaki.

"Yaya Fa'iza, dubi nan. Mutum ɗari uku, kwament biyu, ɗaya ma nawa ne. Mutane ba sa magana sai sun ga abin da ya ba su haushi."

Na ce to Allah Ya kyauta, na wuce makarantar da nake koyarwa. Da na san abin da take ƙullawa, da a rijiyar nan wayar ta kwana.

Ashe ta ɗauki Iya tana murmushe magi a miyar kuka, ta yanko wurin, ta liƙa shi a tsakiyar bidiyon kwaɓin alkaki. Hannu ɗaya, zobe ɗaya. Ta rubuta a sama: sirrin alkakin Kusfa. A lissafinta mutanen Abuja da Legas ne za su yi ta zagi, shafi ya tashi, ba wanda ya san mai hannun. Yarinyar da aka haifa a cikin ganuwa! Ta manta a nan matan unguwa sun san tsakar gidan kowa har da inda ake jingine muciya.

Tsofaffin birni kuwa ba sa rubuta kwament. Mayafi suke yafawa su tako da ƙafa.

Ranar Laraba na dawo na tarar da takalma a ƙofar ɗakin Iya kamar an yi haihuwa. Wata ta kawo lemo, wata rubutun sha a gora. Suna mata magana a hankali da ƙarfi, yadda ake yi wa wanda kunne ya tafi. Iya sai kallonsu take tana cewa lafiyarta lau. Hajiya Asama'u, ƙawarta tun ƙuruciya, wadda ta ba ta aikin garar jikarta, ta dafa mata gwiwa.

"Kulu, garar nan ki bar ta. Na ba wata mai yi a unguwar Tudun Jukun. Ke ki huta, girma ya zo mana duka."

Da na raka ta zaure ta jawo ni gefe. "Fa'iza, ku riƙa lura da ita kusa da wuta. Haka na yayata ya fara, gishiri a kunu." Ta sa jikarta ta nuna min bidiyon.

Ban san lokacin da na isa ɗakin Radiya ba. Na same ta tana murna, wai mutum dubu ɗari biyu sun kalla, kwament dubu huɗu.

"An ce uwarki ta ruɗe, ke kina tsalle?"

"Haba Yaya, dabara ce fa. Gobe sai mu saki na gaskiya, a ce wasa ne. Wannan ma sai ya fi tashi."

Wallahi sai da na riƙe hannuna da ɗaya hannun don kada in mare ta. Na ja ta har gaban Iya na ce ta faɗa da bakinta. Ta faɗa, tana kuka, ta nuna yadda ta yanka ta liƙa. Iya ta karɓi wayar ta kalla sau uku. Ba ta yi faɗa ba, ni kuwa na so ta yi, ko na sami abokiyar fushi.

Radiya ta goge bidiyon, ta saki na ban haƙuri. Mutum ɗari tara suka kalla. Na bi gida gida ina bayani, ana ce min Allah Ya yi albarka, 'ya ta gari ita ke rufa asirin uwa. Ba wadda ta yarda. Haushin da na ji a ranakun nan ban taɓa jin irinsa ba.

Bayan sati biyu wata baƙuwa daga ƙauye ta kawo aikin alkaki kwano ɗaya. Da safe na fito zan tafi aiki, na ga Iya a gaban kwaɓin, ta jera komai a tabarma tana taɓa su ɗaya bayan ɗaya. Matar da ko Baba ba ya leƙa mata ƙwarya. Ta ɗago ta dube ni.

"Fa'iza, zo ki tsaya a kaina. Ki ga abin da nake zubawa."