Wayar Maccido a Rumbu

Maccido na Fakku raguna biyu gare shi, amma a wayarsa sun fi arba'in. Duk ragon da ya gani a kasuwa sai ya ɗauki hotonsa ya ɗora a Wasaf, wai don masu saye su san da babban dillali suke magana. Haka har wani Alhaji daga Legas ya ga Ɗan Fari, ragon da ke nasa na gaske, ya ce zai kira su gama ciniki. Da kuɗin ne Maccido zai rufe ɗakin matarsa Ummu da kwano kafin damina.

Sai ya ji a rediyo ana zancen harajin VAT kan cinikin intanet. Jangali ya dawo ke nan, za a ƙirga masa kawuna arba'in! To, kakansa in masu jangali sun taso, daji yake kora shanu. Maccido ya naɗe wayar da tsumma, ya cusa ta cikin dawa a rumbu.

Kwana uku rumbu na gurnani.

"Malam, wani abu na kuka cikin dawa," in ji Ummu.

"Gafiya ce. Ƙyale ta."

Da gafiyar ta yi shiru, sai ya tono ta ya kai caji wurin Isah a kasuwar Kebbe, yana ba da labarin dabararsa yana ƙyalƙyala dariya.

Isah ya dafe kai. "Haba Maccido! Wa ag gaya maka ƙirgar hoto aka yi? Harajin ga bisa kuɗin kaya aka ɗora shi, mai saye ka biya. Kai duk sadda kas sayi kati ko data, ai ka riga ka biya."

"Ni? Tun yaushe?"

"Tun randa kas sayi waya."

Waya ta kunnu, kiran Alhaji sha tara. Saƙo na ƙarshe hoto ne: ga taubashinsa Bube yana washe baki, yana tura nasa ragon cikin motar Legas. Alhaji ya gaji da kira, ya sayi na Bube.

Wallahi Maccido ya ba ni tausayi. Ran da ruwan farko ya sauka, yana zaune yana kallon Ummu na jera kwanonin abinci ƙarƙashin yoyo. Ta miƙo masa ɗaya.

"Riƙe wanga, Malam. Ai ka ce za ka sa min kwano."