Saura Kashi Tara

Shekara talatin Baba yana tuƙa babbar mota, bai taɓa yarda wani ya ja shi ba. Yau ga shi a jirgin sama, ɗaure da bel, zan kai shi aikin zuciya. Likita ya ja mini kunne: kada hankalinsa ya tashi a hanya.

Muna tashi ya fara gumi.

"Ina direban? Ina hanyar? An zuba mu kamar buhunan siminti."

Babu allo a bayan kujerun. Ma'aikaciyar jirgin ta ce kowa ya haɗa wayarsa da na'urar jirgin, fina-finai za su shigo masa. Na haɗa, na kunna masa fim, ya ture. Sai na ci karo da taswira: ɗan jirgi yana tafiya a kan layi, ga gudunsa, ga sauran tafiya.

Baba ya karɓe wayar da hannu biyu, kamar sitiyari.

"Ɗari takwas a awa? Yaron nan yana taka wuta."

Numfashinsa ya daidaita, nawa ya rikice. Batir saura kashi tara, tafiya saura minti hamsin. Ni na cinye cajin a filin jirgi, ina ɗaukar kaina bidiyo. Na laluba gefen kujera, ba wurin caji. Na rage hasken allon.

"Kai, wa ya kashe mini fitila?"

"Hazo ne, Baba."

"Hazo a cikin waya? Ƙaryarka ma ba ta gama makaranta ba."

Kashi uku. Jirgin ya shiga gajimare, ya fara girgiza. Matar da ke gefenmu tana barci, wayarta a ƙarƙashin haɓarta. Na miƙa hannu zan tashe ta in ari wayar, na fasa. Na zaro ƙwayar maganin Baba daga aljihu, na damƙe.

Allon ya yi baƙi.

Baba ya rufe ido, ya kwantar da kai a jikin taga. Na kama wuyan hannunsa ina neman bugun jijiya.

"Baba?"

"Yi shiru, ina sauraron inji." Can ya ce, "Ya ɗaga ƙafa. Gangara muka shiga. Gargadar nan ba laifinsa ba ne, hanyar ce ba kyau."

Ya ajiye mini wayar a cinya.

"Ya iya. Ka bar shi ya ja."