Alamar da ke Bayan Shuɗin Mazari

Tashi ya sake yi. Direba yana kwance rub da ciki a bakin tafki, gwiwar hannunsa cikin taɓo, ya kusa danna kyamara ke nan sai inuwar kansa ta faɗa kan ciyawar, shuɗin mazarin ya ɗaga ya bar shi da hoton kara.

"Kai, Allah ya shirye ka!" in ji Direba. "Me na yi maka ne?"

Abin dariya ne ga duk wanda ya san shi. Mutumin da ya yi shekara da shekaru yana jan doguwar bas, wanda fasinja bai isa ya tsaya ɗaura takalmi ba sai ya sha hon, yau ga shi yana lallashin abin da bai kai tsinken ashana kauri ba.

Kyamarar ma ba tasa ba ce. Ta maƙwabcinsa ce, Baba Mai Hoto, wanda katanga ɗaya ta raba su. Baba ya tsufa yana ɗaukar hoton fasfo a wani ɗan shago kusa da tasha, yana ce wa mutane su ɗaga haɓa, kar su motsa. Da wayoyi suka kashe sana'ar, ya rufe shago ya koma tafkin da ke bayan gidan bulo, yana ɗaukar ƙwari. Unguwa ta ce tsufa ya taɓa shi, kuma Direba ne kan gaba wajen tsiya. In ya hango shi da wando jiƙe sai ya leƙo ta tagar mota: "Baba, yau wa ya zo ɗaukar fasfo, kwaɗo?" Baba ya yi dariya ya wuce abinsa.

Sai ciwon zuciya ya kwantar da shi. 'Yarsa, wadda take aikin jinya, ta dawo da shi daga asibiti, ta tsayar da Direba a bakin ƙofa ta ce a hankali, "Likita ya ce a kai shi gida a kula da shi. Yaya, ka dai gane." Ya gane.

Ranar ce ya fara shiga ɗakin Baba. Ya tsaya sororo. Bango huɗu duk hotuna ne, kuma babu fuskar mutum ko ɗaya: idanu ne manya kamar duwatsun wuya, fukafukai masu zane kamar saƙar raga, da wani shuɗi da bai taɓa gani a jikin fentin mota ba.

"Zauna, sarkin gaggawa," in ji Baba daga kan gado. Ƙafafunsa sun kumbura, magana sai ya huta a tsakiya. "Ka san mazari?"

"Wa bai san mazari ba, Baba?"

"Ba ka san shi ba. Babban, in ya sauka, baza fukafukai yake yi. Wannan siririn kuwa naɗe su yake a bayansa, mai kunya ne. Shuɗayen da ke tafkin nan kowa cewa yake iri ɗaya ne. Iri biyu ne. Ka duba nan, bayan inda fukafukai suka fito, gaɓa ta biyu. Wannan baƙar alamarsa kamar ƙoƙo take. Wancan kuma tasa kamar ƙusa mai kai."

Direba ya matso da ido kan hotuna biyun da Baba yake nuna masa a bango, ya ga lallai haka ne.

"To, bara na ga na uku. Ƙoƙo ne, amma da ƙafa, yana tsaye kan baƙin zobe. Na ɗauka, hannun nan ya yi rawa, hoton ya fito dishi-dishi. Waccan ta ce tabarau ne ya yaudare ni."

"Baba, ni fa ban ce ƙarya ka yi ba," in ji 'yar daga bakin ƙofa.

"Ba ki ce ba, amma kin ba ni magani." Ya juyo ga Direba, dariyar ta bar fuskarsa. "Da ido na ci abinci duk rayuwata. Ina so in sani kafin in tafi, ko idon nan ya yi mini ƙarya a ƙarshe."

"Wannan ne kawai?" in ji Direba. "Gobe kafin in fita aiki zan kawo maka shi."

Wannan cika bakin ne ya kwantar da shi cikin taɓo. Goben ta zo ta wuce, jibi ma haka. Ranar da inuwarsa ta kori mazarin Direba bai bar tafkin ba sai da rana ta take, ya samu dai wasu suka tsaya masa, ya dawo yana washe baki, ya miƙa wa Baba kyamarar. Baba ya ɗora madubin ƙara girma kan ɗan gilashin bayanta, ya daɗe yana dubawa.

"Kyau kam sun yi kyau. Amma duk ta gefe ka ɗauka. Ni fasfo nake so, ba hoton kwalliya ba, kuma fasfon mazari a bayansa yake. Ta sama za ka zo masa."

"Ta sama inuwata ke korar shi."

"Don kana zuwa a lokacinka ne, ba a nasa ba. Je ka tun raɓa ba ta bushe ba, lokacin sanyi ya kama shi, ba ya iya tashi. Ka sa rana a gabanka, inuwa ta koma baya. In ka daidaita, ka saki rabin numfashi, ka riƙe sauran, sannan ka danna a hankali. Ba hon ba ne."

Da ya fito, 'yar ta biyo shi tsakar gida. Idanunta sun yi ja.

"Yaya, in za ka yi, ka yi. Tun jiya ruwa kawai yake sha."

Direba ya kira abokin aikinsa ya ce ya ja motar gobe, shi yana da uzuri. Da aka tambaye shi wane irin uzuri, sai ya ce na gida ne, don ya san in ya faɗi gaskiya tasha ba za ta bar shi ya sha ruwa ba.

Gari bai gama wayewa ba ya isa tafkin. Injin gidan bulo bai tashi ba, babu motsin kowa. Ya zagaya ta yamma don rana ta fito masa ta gaba, ya durƙusa, ya fara bin ciyawa da ido. Da farko bai ga komai ba. Can sai ya ga ɗaya, sai wani a ƙasansa, sai ga su ko'ina, jere a jikin karare, fukafukai a naɗe, kowanne lulluɓe da raɓa. A nan suke kwana ashe. Shekara nawa yana wucewa ta hanyar nan da mota cike da hayaniya, bai taɓa sanin akwai masu barci a gefenta ba.

Ya kai ido kan kyamara, sai tsigar jikinsa ta tashi. Abin da yake gani kamar tsinke ya cika gilashin. Ƙwayoyin raɓa sun jeru a kan idanunsa, a cikin kowace ƙwaya ga tafkin nan a kife, da sararin sama a ƙasansa. Akwai gashi siriri a ƙirjinsa. Cikinsa yana ɗagawa yana sauka kaɗan-kaɗan; numfashi yake yi. Ya ɗaga ƙafar gaba ɗaya ya share ido, yadda mutum yake yi in ya farka.

"Subhanallahi," in ji Direba, ba da ƙarfi ba. Tsoro ne ya kama shi da daɗi a haɗe, har ya manta abin da ya kawo shi.

Da ya tuna, ya miƙe kan gwiwoyi ya fara leƙa su ta sama, ɗaya bayan ɗaya. Ƙoƙo. Ƙusa. Ƙoƙo. Ƙoƙo. Rana ta fara leƙowa ta saman katangar gidan bulo, waɗanda haske ya fara taɓawa suka soma karkaɗa fukafukai suna tashi. Ya matsa can ƙasa inda inuwar katanga ba ta janye ba, ruwa ya kai masa cinya, kuma a jikin wani karyayyen kara ya ga ɗaya wanda baƙinsa ya fi na sauran yawa. Ya sunkuya a kansa. Ƙoƙo, da ƙafa siririya, tsaye kan baƙin zobe.

Hannunsa ya ɗauki rawa. Nan ya gane abin da ya sami Baba bara, ya kuma san ba tsufa kaɗai ba ne. Ya dafe gwiwar hannu a ƙirji, ya saki rabin numfashi, ya riƙe sauran, ya danna. Ya duba. Hoton ya fito tas, har gashin ana ƙirgawa.

Da gudu ya shiga gidan, taɓo har wuya, ko sallama bai ƙarasa ba.

"Baba! Baba, ga shi!"

'Yar tana zaune bakin gado tana jiƙa wa mahaifinta leɓe da auduga. Ta karɓi kyamarar ta duba, ta ɗago ta kalli Direba, ta sake dubawa. Hawaye suka zubo mata.

"Baba, gaskiyarka ne. Wallahi da ƙafarsa."

Ta kai gilashin gaban fuskarsa, ta ɗora madubin. Idanun Baba a buɗe suke, amma sun wuce kyamarar suna kallon wani wuri can bayanta.

"Duhu," ya ce. "Ba na gani." Ya huta. "Ke lallashina za ki yi. Ina sarkin gaggawa?"

"Ga ni, Baba."

Tsohon ya ja hannun hagunsa daga cikin mayafi da ƙyar, ya buɗe tafin.

"Zana mini. Yadda ka gan shi. Kar ka ƙara komai."

Direba ya durƙusa. Ya goge yatsarsa a ɗan wurin da ya rage busasshe a rigarsa, ya kama hannun, mai sanyi, mara nauyi. Ya ja ƙoƙon a hankali, daga wannan baki ya gangara ya hau wancan. Ya tsaya. Sannan daga gindin ƙoƙon ya ja layi siriri zuwa ƙasa, ya gitta zoben a ƙarshensa.

"Ƙafar ta taɓa zoben?"

"Ta taɓa, Baba. A kansa take tsaye."

"To," in ji Baba Mai Hoto. Bakinsa ya ɗan motsa kamar zai yi dariya. "To. Alhamdulillahi." Ya naɗe yatsunsa a kan tafin, ya mai da hannun ƙirji.

Bai sake magana ba. Direba ya ƙi tafiya ya sauya kaya, ya zauna a ƙasa jikin gadon har taɓon ya bushe a jikinsa yana ɓarewa. Wajen la'asar numfashin ya yi ta nisa da juna, daga nan ya tsaya. 'Yar ta yi salati, ta shafa idanun mahaifinta, ta miƙar masa da ƙafafu da hannun dama. Da ta zo kan na hagu sai ta dakata, ta kalli Direba.

Hannun yana nan a ƙirjinsa a dunƙule, ba da ƙarfi ba, da ɗan fili tsakanin yatsun.