Ɗakin da Hannu Ba Zai Taɓo Silinsa Ba

Dogo mai fenti yana da wata ɗabi'a da ta daɗe tana ba matarsa kunya. Duk ɗakin da ya shiga, ko na aboki ne ko na suruki, kafin ya zauna sai ya miƙa hannu sama. In tafinsa ya taɓo silin, ya girgiza kai ke nan ya ce, "Wannan ai akurki ne, kaji aka gina wa." Abin haushin shi ne Allah ya zuba masa tsawo ba na wasa ba, don haka kusan duk ɗakin duniya akurki ne a wurinsa. Abokan aikinsa kan ce wanda ya ɗauki Dogo aiki ya ci riba biyu, ga mai fenti ga tsani.

Matar kuwa ko kafaɗarsa ba ta kai ba. Tun suna sabon aure ya laƙa mata Guntuwa, sunan ya bi ta har ta yi furfura. Sun sha zaman haya, daga wannan lungu zuwa wancan, kuma duk ranar da suka tare a sabon wuri abu ɗaya ake yi. Dogo zai sauke kaya, ya ɗaga hannu, ya taɓo silin, ya dube ta ya ce, "To." Sai ya ɗan yi shiru, sannan ya ƙarasa, "Mu lallaɓa, Guntuwa, kafin namu."

Namun nan ya zana mata shi da baki har ta haddace. Gida ne mai bene, a saman akwai ɗaki guda mai taga gabas da yamma, mai tsawon da ko tsalle ya yi ba zai taɓo silinsa ba. Mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa yana shafa wa benayen wasu fenti, da yamma ya dawo yana sunkuyawa a ƙofar ɗakinsa, ba za a ce ya yi zari don ya so wannan ba.

Shi dai Dogo ba mai yawan magana ba ne, rabin zancensa "to" ne. Amma Guntuwa ta san su kamar yadda ta san tukwanenta. Akwai gajere, na na ji na yarda. Akwai mai ja, wanda ke nufin ki yi mu gani. Akwai wanda yake saki ta hanci in ƙanensa ya zo da wata sabuwar dabara, akwai kuma na ranar tarewa, mai nauyi, wanda haƙuri ke ciki. Ko daga kicin ta jiyo, ta san ko ta fito ko ta yi zamanta.

A hankali aka sami fili, aka ja bulo, ginin ƙasa ya tashi. Aka zuba kankare a samansa, aka yi matakala da ke hawa ta ɓulle sararin Allah, roduna na tsaye a kusurwoyi suna jiran bangon bene. Suka tare a ƙasan haka nan, ba su jira an gama ba. Suna ciki, wata safiya Dogo na shafa wa falonsu farar ƙasa, burushi ya suɓuce daga hannunsa, shi ma ya bi burushin.

Likita ya ce shanyewar ɓarin jiki ce. Hannun dama da ƙafar dama suka tafi, magana ma ta tafi, ba ta bar masa komai ba sai kalma ɗaya. A ba shi ruwa, to. A tambaye shi ina ke ciwo, to. Kuma duk sun zama iri ɗaya, a shimfiɗe, ba ja ba nauyi. Wannan ya fi komai ci wa Guntuwa rai, domin ga mijinta a gabanta yana faɗin kalmar da ta fi kowa sani, amma ta kasa karanta ko guda.

Ana haka magini ya zo, dattijo mai haƙurin bayani, ya tsaya a gindin matakala yana duban sama.

"Mama, kin ga hadari ya fara haɗuwa. Kankaren nan ba rufi ba ne, in ruwa ya kwanta a kansa sai ya nemi hanya. Ga kuma bakin matakala a buɗe. Dole a rufe gidan nan."

"To a rufe mana," in ji ta.

"Rufewar ce iri biyu." Ya tsinci guntun gawayi ya tsuguna ya zana a kan siminti. "Ko mu ja bango ya kai tsawon cikakken bene, sannan kafinta ya ɗora kwano. Wannan shi Malam Dogo ya ce mini tun farko. Sai dai ba ya yiwuwa kafin ruwa ya sauka, ko aljanu na ɗauko. Ko kuma mu ja bulo kaɗan, iya ƙugu, kafinta ya kafa rufi mai tsini a kai. Za a sami ɗaki a ciki, tsakiyarsa da tsawo, gefe da gefe silin ya gangaro. Wannan kafin ki ce me an gama."

"In an yi mai gangaren, daga baya ana iya ɗagawa?"

Magini ya sosa ƙeya. "Ana cewa za a ɗaga. Ni dai tun da nake ban ga wanda ya ɗaga ba."

Kafin la'asar magana ta kai kunnen mutum biyu da ba su taɓa haɗuwa a ra'ayi ba, wato ƙanin Dogo, wanda yara ke kira Baffa, da kuma 'yarsu ta fari, ma'aikaciyar jinya.

"Bene za a yi," in ji Baffa, yana buga ƙafa. "Haba matar Yaya! Mutum ya kwanta ciwo sai a sa shi a akurki? In ya miƙe me za ki ce masa? Ke dai don ko a ƙarƙashin gado aka ce ki tsaya, tsayuwarki za ki yi."

Da can da ta rama, don ba ta barin bashin tsokanarsa. Ranar ko murmushi ba ta iya ba.

"Baffa, ka yi haƙuri," in ji 'yar, "ƙirjin Baba ba zai ɗauki danshi ba. Wanda ke kwance sanyi ne abokin gabarsa. Ni na ga irinsu, ba labari aka ba ni ba. A rufe gida kawai."

"Ke yarinya, kin yanke masa ƙauna ke nan?"

"Ni ban yanke ba. Umma, ki yi magana mana."

Guntuwa ta ce a tambayi mai gidan, tunda da ransa. Aka turo shi a keken marasa lafiya har gaban zanen gawayin. Baffa ya durƙusa ya ɗaga murya kamar kurma yake wa magana.

"Yaya, bene za a yi ko?"

"To," in ji Dogo.

"Kun ji!"

'Yar ta dafa gwiwarsa. "Baba, a yi mai gangare a rufe gida?"

"To."

Suka ce ya ɗaga hannun hagu in bene yake so, ya ɗaga. Suka ce ya ɗaga in mai gangare ne, ya sake ɗagawa. Suka ce ya nuna zane ɗaya da sandarsa, ya ɗora ta a tsakani, ya bi su da kallo ɗaya bayan ɗaya, idonsa ya ciko. Likita dama ya ce yana ji, sai dai maganar kan rikice masa a hanya. Guntuwa ta ce ya isa haka, ta juya keken ta mai da shi ɗaki.

Da kowa ya watse ta zauna a bakin gadonsa, ta riƙe hannun mai lafiyar. Har yanzu akwai ɗigon farin fenti a gefen farcensa da wanka bai fitar ba.

"Malam, ni ce. Ba Baffa, ba kowa. Ka faɗa mini yadda ka saba, zan gane. In na jira bene, ruwa zai same ka a nan. In na ce a yi ɗayan..." Ta kasa ƙarasawa.

Ya daɗe yana motsa baki, jijiyar wuyansa ta tashi. Ta matso da kunnenta.

"To."

Ta juya kalmar nan a ranta ta kowace fuska, ba ta sami komai a ciki ba. Tsoro ya kama ta, ga kuma haushi, ba ta ma san wa take jin haushi ba. Ita ba tsawon bango ne ya dame ta ba. Abin da ta sani shi ne duk ranar da ta ce a yi mai gangare, ta faɗa da bakinta ke nan cewa Dogo ba zai ƙara miƙewa tsaye ba. In kuma ta ce a jira, ta sa ransa a caca saboda ɗakin da ƙila ba zai taɓa hawa ba. Gaba kura, baya sayaki, kuma wanda ya saba raba mata irin wannan gardama ga shi kwance yana kallonta.

Ta yi ta jan ƙafa. Magini ya zo ta ce ya dawo jibi, ya dawo ta ce tana shawara. Baffa ya kawo tamfol ya shimfiɗa a bakin matakala, ya danne da bulo, yana cika baki cewa ko ɗigo ba zai wuce ba.

Ruwan farko da rana tsaka ya zo, da iska. Tamfol ɗin Baffa ya tashi sama ya sauka a gidan maƙwabta. Ruwa ya biyo matakala yana gangarowa falo, kankare ya jiƙe ya fara ɗiga ta inda ba a zata ba. Guntuwa ta jera bokiti da robar wanki da tukwane, ta ja gadon Dogo ita kaɗai daga wannan kusurwa zuwa waccan, duk inda ta kai shi ɗigo ya biyo. A ƙarshe ta buɗe lema ta tsaya a kansa, ruwa na bin bayanta, shi kuma yana kallon silin yana cewa to, to. Dare bai yi nisa ba tari ya kama shi, irin mai fitowa daga can ƙasan ƙirji.

Da magini ya dawo ya tarar da katifa a rana, bai jira an ba shi wurin zama ba.

"Mama, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma wannan ko na waje ya gani. Kafinta na da wani aikin, in ya tafi sai bayan damina. Kuma wallahi ɗakin nan ba laifi. Mutum in a zaune yake ko a kwance, gangaren ba ya..." Ya tsaya cak, ya sunkuyar da kai. "Allah ya ba shi lafiya."

Daga ɗaki tarin Dogo ya taso, ya daɗe bai lafa ba. Guntuwa na tsaye da jiƙaƙƙen bargo a hannu. Ta buɗe baki, ita kanta ba ta san abin da zai fito ba.

"To," ta ce.

Magini bai tambaye ta wane iri ba ne. Washegari da safe motar katako ta tsaya a ƙofar gida.

Aiki ya tafi da sauri kamar yadda aka ce. Gida ya bushe, tari ya yi sauƙi, Baffa ya yi fushi ya ɗauke ƙafa, ya gaji ya dawo. Tsofaffin abokan aikin Dogo suka zo da kansu suka shafe ɗakin saman fari tas, suna cewa ba za a ba wani ba. Guntuwa ta hau ta gani. Ɗaki ne mai kyau, ba ƙarya. Ta tsaya a tsakiya ta ɗaga hannu, silin na can sama. Ta ce a ranta, in dai a nan aka ajiye shi, a zaune, ba zai taɓo ba.

Ranar da za a hau da shi ta ja Baffa gefe. "Don Allah tsakiya za ku kai shi. Kada ku sauke shi sai a tsakiya."

"An gama, matar Yaya."

Suka ɗauke shi a kujera, Baffa a gaba, magini a baya, tana biye da matashi. Amma Dogo ko ciwo ya ci shi ƙashinsa na nan, matakalar kuma a gefen ɗakin take ɓullewa, daidai inda silin ya fi gangarowa. Suna kaiwa sama Baffa ya ce wayyo bayansa zai karye, suka dire kujerar nan take don su ja numfashi.

"Ku ƙarasa da shi," ta ce daga matakala. "Ku ƙarasa mana!"

Ba su ma ji ba, suna haki. Dogo ya dubi farin fentin, ya bi shi da ido daga tsini har zuwa inda ya sauko kusa da kansa. Sannan ya ɗaga hannun hagu a hankali. Ko gwiwar hannun bai gama miƙewa ba tafinsa ya kwanta a kan silin.

Ya bar shi a wurin. Ya juyo ya nemo ta da ido, ya same ta tsaye rungume da matashi.

"To," ya ce.

Baffa ya yi dariyar jin daɗi. "Kin ji ko? Ya yaba!"

Guntuwa ta ƙanƙame matashin. Tun da ya kwanta, wannan ne na farko da ta gane, da nauyinsa da komai. Na ranar tarewa ne. Ya yi ɗan shirun nan da ya saba, ita kuma ta tsaya tana jiran ya ce su lallaɓa kafin nasu, alhali ta san ba zai iya faɗa ba, kuma a cikin nasun suke.