Ɗan Maharazu Ba Ya Taka Ƙasa

Yayana Alhaji Maharazu ya yi rabin rayuwarsa a bayan shanu, shanun ma na mutane. A kasuwar Mai'aduwa ake haɗa masa garke, ya kora da ƙafa har Kudu, ya dawo, kafin ya gama hutawa an haɗa masa wani. Ni ma na taɓa bin sa, na ga wannan wahala ba tawa ba ce, na dawo na kama ɗinki. Shi kuwa ya ci gaba har dunduniyarsa ta yi fason da za ka ɓoye sisi a ciki ka manta.

Ranar da ya kai ɗansa Jafaru makarantar boko a Daura, a gaban majalisarmu ya rantse. Ya ce ya taka nasa ya taka na zuriyarsa, kuma muddin yana numfashi ba wanda zai ga jininsa yana ratsa daji da ƙafa. Bai ambaci sunan yaron ba, don ɗan fari ne, shi kuma Alhaji ya ɗauki kunyar ɗan fari da zafi fiye da kowa a garin. Sai dai ka ji "yaron nan" ko "wancan". In yana da magana da shi ni ake kira in isar, ko da kuwa tabarma ɗaya suke zaune.

Allah ya karɓi rantsuwar. Jafaru ya yi karatu, ya sami aiki a Kaduna, aka tura shi kwas Amurka, ya dawo daidai lokacin da gwamnati ta rasa inda za ta zuba kuɗin fetur ta shiga rabon Udoji, ƙarin albashin nan na ma'aikata. Ya sayi Fijo fara sabuwa dal. Da bazara ya zo hutu da ita garinmu, nan gefen Sandamu, aka ajiye ta gindin dalbejiyar ƙofar gida. Alhaji bai taɓa buɗe baki ya ce ta yi kyau ba, amma ya ɗauke tabarmarsa daga zaure ya dawo da ita kusa da taya. Duk mai son gaishe shi sai ya zagaya motar tukuna.

Ba a kwana biyu ba, da hantsi, sai ga Jafaru ya fito da gajeren wando irin na 'yan dokan da, da wasu takalma masu nauyi kamar na soja, da malafa, gorar ƙarfe a ƙugu, kyamara a wuya. Ya durƙusa ya gaida ubansa, ya wuce motar ko kallonta bai yi ba, ya miƙe gabas da ƙafa.

Gabas da garinmu akwai wani kwazazzabo. Ruwan damina ne ya yi ta cin ƙasa shekara da shekaru har ya tsaga ta, tsaga mai zurfi da ta shanye tsayin mutum ta ninka, ga ƙunci, a wasu wuraren kafaɗunka biyu na gogar bango. Da bazara iska ba ta shiga, ciki kamar tanderu. Ba komai a wurin sai kunamu da ƙasusuwan jakai. Mu dai amfaninsa a wurinmu shi ne in akuya ta ɓata a je a leƙa. To nan ɗan Maharazu ya shiga, rana na tsakar ka, bai fito ba sai la'asar, ja wur da ƙura, yana murmushi kamar wanda ya dawo daga ɗaurin aure.

Aka aike ni in ji dalili. Yaron ya zaunar da ni ya yi mini bayani tsakani da Allah. Wai a Amurka akwai hamada mai irin waɗannan tsagogi, manyan mutane, likitoci da alƙalai, suna barin motocinsu su shiga ciki da ƙafa. Wai bangon launi-launi ne, haske na saukowa daga sama siriri, ba ka jin motsin kowa sai numfashinka. Wai namu ma bai gaza nasu ba, mu ne ba mu da idon gani. Na tambaye shi me suke samowa a ciki, ya ce nishaɗi. Na dube shi na ga da gaske yake, raina ya ɓaci, don ni na san abin da tafiyar ƙafa ta yi wa ubansa.

Na kai wa Alhaji amsa yadda aka ba ni. Ya tambaye ni ko na tabbata ba wani abu ya ɓace wa yaron a ciki ba.

Gari kuwa ya samu abin yi. Wasu suka ce motar aro ce, mai ita ya hana a taɓa. Wasu suka ce iskokin kwazazzabon ne ke kiransa. Amma wanda ya soki Alhaji a inda ke ciwo shi ne Nagoggo mahauci, tsohon abokin hamayyarsa a majalisa. Shi ya ce ba mota ba ce ba kuma iska ba, ƙafar gidan ce ke ƙaiƙayi, ko jirgin sama aka saya musu sai sun sauka sun taka. Maganar ta zaga gari kafin magariba, Alhaji ya daina fita majalisa.

Na zama ɗan aike tsakanin mutum biyu da ke cin tuwon gida ɗaya. A gaya wa yaron nan ya je da mota har bakin ramin. A gaya wa yaron nan in dole ne za a samo masa doki. A gaya wa wancan, in ma zai fita, ya bi ta bayan gari. Jafaru yaro ne mai ladabi, kowane saƙo sai ya sunkuyar da kai ya ce to, Baffa, gari na wayewa ya ɗaura takalmansa. A ganinsa tsofaffi ne ba su waye ba. Shi mai wayewar bai taɓa lura ubansa ya rame ba.

Ranar kasuwar Sandamu Alhaji ya yanke shawara shi kaɗai. Hanyar kasuwa ta bi gefen kwazazzabon, ranar kuma cike take da mutane. Jafaru na fita, Alhaji ya sa aka ɗauko makullin motar daga ƙusar ɗakin yaron, ya aika aka kira Zailani, direban wata tsohuwar babbar mota, roka, da ta fi zama a gareji fiye da kan hanya. Alhaji ya saka babbar riga da takalman da ya sayo a Makka, ya ce in biyo shi. Dabarar ita ce mu bi gefen ramin a hankali, duk mai wucewa ya ga ɗan Maharazu shan iska yake irin na manya, mota na biye da shi tana jira. In ya fito a saka shi ciki a ratsa tsakiyar gari da shi, ta gaban rumfar Nagoggo.

Zailani bai taɓa riƙe sitiyarin ƙaramar mota ba, daɗi ya kwashe shi, sai danna ham yake. Muka bar hanya muka hau saura. Alhaji na baya yana cewa a matsa, a ƙara matsawa, yadda yaron zai ji daga ƙasa. Aka matsa har taya ta kusa leƙa ramin. 'Yan kasuwa suka tsaya da jakunansu suna kallo, abin da Alhaji ke so ke nan. Muka fito mu uku, ya gyara riga a kafaɗa, muka ɗan taka gaba don mu hango inda yaron yake.

Sai muka ji ƙasa ta yi wani nishi a bayanmu. Ashe ruwan bara ya ƙwaƙule gindin gaɓar, saman kawai ya rage. Kafin mu juya Fijo ta sunkuyar da kai ta shige, gaɓar ta bi ta, ƙura ta turnuƙe. Ba ta ma kai ƙasa ba, ta maƙale tsakanin bango biyu, gindi a sama. Tana nan har yau, don kafin a samo abin jawo ta ruwan farko ya sauka ya cika ta da yashi.

Ban san lokacin da Alhaji ya kwanta rub da ciki a bakin ramin ba. Hularsa ta faɗa ciki bai kula ba.

"Jafaru! Jafaru!"

Tun ranar suna ban taɓa jin wannan suna a bakinsa ba. Muryar ma ba tasa ba ce, ta tsage. Tsoro ya kama ni, tausayinsa kuma ya fi tsoron, har na manta da mutanen da ke tsaye suna ji.

Can daga gaba aka amsa, "Na'am, Baba."

Yaron ya riga ya wuce wurin. Ya dawo, ya sunkuya ya ratsa ta ƙarƙashin motarsa, ya hau ta wata hanyar awaki ya fito riƙe da hular ubansa. Ya tsaya ya dubi Fijo. Zan yaba masa, bai nuna ɓacin rai ba. Amma na ga hannunsa ya nufi kyamara, na ce masa wallahi in ya ɗaga ta sai na haɗa ta da motar.

Alhaji ya tashi ya kakkaɓe riga, ya juyo wurina, idonsa ja, ya ce, "Tambaye shi ko ya ji ciwo."

Sauran aiki komawa gida. Wani bawan Allah ya sauke kayansa ya ba da jaki. Alhaji ya ce in gaya wa yaron nan ya hau. Jafaru ya ce ba zai hau ubansa na ƙasa ba. Alhaji ya ce shi kuma ba zai hau a ga ɗansa na bin sa da ƙafa ba. Aka yi ta aika ni tsakaninsu, ga su tsaye kafaɗa da kafaɗa, har mai jaki ya gaji ya mayar da kayansa ya wuce kasuwa. Zailani kuwa tuni ya sulale.

Muka kama hanya cikin ranar azahar. Ba mu yi nisa ba takalman Makka suka fara cizon Alhaji, ya tuɓe ya miƙo mini. Da ƙafarsa ta ji yashi sai tsohuwar tafiyar ta dawo masa, dogon taku, kai a sunkuye. Ya tsinci wata sanda ya gicciya ta a wuya ya rataya hannuwa, na tabbata bai san ya yi ba. Jafaru na bayansa yana ɗingishi, don manyan takalman nan sun tashe masa bororo, ni kuma ina can ƙarshe rungume da takalman Makka ina tsine wa Amurka a zuci.

Haka muka shiga gari, ta gaban rumfar Nagoggo, don ba wata hanyar. Labari ya riga mu isowa, majalisa ta cika. Nagoggo ya ajiye wuƙa, ya goge hannu, ya taso da ladabinsa kamar mai tarbar baƙi.

"Sannunku da hanya, Maharazu. Ina kuka baro shanun?"

Ba wanda ya yi dariya da ƙarfi, kuma da sun yi da ya fi sauƙi. Alhaji ya sauke sandar daga wuyansa, ya dube ta, ya jingine ta a bango ya wuce.

A gida ya shige ɗaki ya daɗe yana bincike a tsohuwar adakarsa. Ya fito da wani gwangwani mai tsatsa wanda na gane tun daga nesa, na man kaɗen da yake shafa wa ƙafa a zango lokacin da muke bin shanu. Ashe bai taɓa yar da shi ba. Ya sa aka cika shi da sabon mai, ya miƙo mini ba tare da ya dube ni ba.

"Kai wa yaron nan. Ka ce ya fara gasa ƙafar da ruwan ɗumi, sannan ya shafa. Ka nuna masa yadda ake yi, bai iya ba."